FASAHA DA FIM: Laftof ba batir, fim na tsaka, aka ɗauke wuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu tura fina-finai a Dutsi ko Daura ya san wannan takaicin. Ga layin samari da 'yan mata, kowa ya miƙa memori, wannan Labarina yake so, waccan Izzar So, sai ɗif! An ɗauke wuta. Laftof ɗin tsohuwa ce 'yar gwanjo, batirinta ya daɗe da mutuwa, don haka ta mutu nan take. Turin da ya kai rabi ya lalace. Wanda ke yanka bidiyon biki kuwa, wani lokacin aikin yini guda ne ya bi ruwa, ga mai biki na jiran kayansa.

Barcin kwamfuta iri biyu ne, kuma nan ne da yawa ke ruɗewa. Akwai gyangyaɗi, wanda Windows ke kira Sleep: aikin yana zaune cikin RAM, ita kuma RAM sai da wuta. Ba batir, wuta na tafiya komai ya goge. Akwai kuma dogon barci, wato Hibernate, inda kwamfuta ke kwashe duk abin da ke buɗe ta rubuta shi a hadis, cikin fayil mai suna hiberfil.sys, sannan ta kashe kanta. Ko sati ta yi, ana kunnawa za ta ɗora daga inda ta tsaya.

To ina matsalar? Laftof kan shiga dogon barci da kanta ne in ta ga batir ya kusa ƙarewa. Wadda ba ta da batir ba ta samun wannan gargaɗin, balle daƙiƙun da za ta yi rubutun. Duk mai gyaran da ya ce akwai wani saiti da zai sa ta ajiye aiki bayan wuta ta riga ta tafi, wallahi kuɗin mutum kawai zai ci.

Abin yi shi ne a riga wutar. A Windows 7 ko 10, a buɗe cmd a matsayin administrator, a rubuta powercfg -h on. Daga nan a shiga Power Options a mayar da maɓallin kunnawa ya zama na Hibernate. Da janareto ya fara tari, ko mai shi ya ce zai kashe, dannawa ɗaya ta isa. Amma fa a bar turin da ake yi ya ƙare tukuna.

Akwai kuma Hybrid Sleep, wanda ya zo tun Windows Vista. A laftof a kashe yake zuwa, sai an kunna. Shi yana gyangyaɗi ne amma ya ajiye kwafi a hadis, ko wuta ta tafi tana barci, aikin na nan.

Mai ɗan hali ya sayi ƙaramin UPS mai igiyar USB. Windows kan ɗauke shi tamkar batir, sai a saita ta yi dogon barci in cajinsa ya yi ƙasa. Batirin da ya kumbura kuwa, a cire shi yau, kar ya ja gobara a rumfa.