Hasumiyar Agadas Ba Ta Nemi Gyaranku Ba

Na gaji da jin maganar nan cewa wai gilashin kyamara mai zamewa, wanda masu sana'a ke kira tilt-shift, ya zama tsohon yayi tunda kwamfuta na iya miƙar da gini cikin ƙiftawar ido. Yawancin masu faɗar haka ba su taɓa ɗaukar hoton wani gini ba sai na siminti. Ni kuwa ginin ƙasa nake ɗauka, daga Birnin Damagaram har Agadas, kuma akwai abin da ya same ni wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wasu mutane a Yamai suka nemi hoton babban masallacin Agadas za su sa a kalanda. Na ba su wanda na fi ji da shi, wanda na ɗauka da sanyin safiya kafin ƙura ta tashi. Da kalanda ta fito sai na ga hasumiyar ta yi ƙiba daga sama, ta tsaya sambal kamar benen banki. Na garzaya maɗaba'ar. Yaron da ke zaune gaban kwamfuta ya ce mini, cikin ladabi kuwa, "Malam, ai na ga ta tsuke daga sama ne, shi ya sa na gyara maka." Bai taɓa zuwa Agadas ba. Ban ga laifinsa sosai ba, maɓalli kawai ya latsa.

To, hasumiyar nan tsukakkiya ce tun asali. Tsawonta mita 27, da ƙasa aka gina ta, gindinta da faɗi, tana hawa tana sirancewa, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowace fuska. An kafa masallacin a 1515, aka sabunta shi a 1844. Maginin ƙasa ya san katanga ba ta ɗaukar kanta sai gindinta ya fi kanta kauri. Haka abin yake a Gobarau ta Katsina, haka yake a Larabanga ta Gana. Tsukewar nan ita ce ilimin maginin gaba ɗaya, ita ce kuma manhajar ta ɗauka kuskure ne.

Bari in yi bayanin inda matsalar take, don kada a ce son zuciya ne. In ka tsaya gaban dogon gini ka ɗaga bakin kyamara sama domin kansa ya shigo, katangun za su fito kamar suna neman haɗuwa a can sama, ginin kamar zai faɗi da baya. Dalili shi ne farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara ya daina fuskantar ginin kai tsaye. Gilashi mai zamewa yana hana wannan tun daga tushe. Da'irar hoton da yake jefawa ta fi farantin girma sosai, saboda haka sai ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka daidaita ta da lebur irin na magina, ka bar ta a haka, sannan ka murɗa gilashin kaɗai ya zame sama. Canon TS-E 17mm, wanda ya fito a 2009, yana zamewa har milimita 12. Dabarar ba sabuwa ba ce, Nikon ta fitar da nata tun farkon shekarun 1960. Da yake kyamara a tsaye take, duk abin da ke tsaye zai fito a tsaye, abin da magini ya karkatar kuwa zai fito da karkatarsa daidai yadda ya yi shi.

Ita manhaja a cikin hoton take neman shaida. Tana laluben layuka, ta yanke hukunci cewa waɗannan ya kamata su zama a tsaye, sai ta ja saman hoton ta buɗe shi har su miƙe. Adobe ta sa wannan maɓalli, Upright, a cikin Lightroom a 2013, shekarar da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Wannan haɗuwa takan ba ni dariya. A otal-otal da bankunan Yamai, inda kowace kusurwa da lebur aka tsai da ita, maɓallin yana aiki lafiya lau, ni ma ina amfani da shi. Amma a gaban hasumiyar Agadas, ina layin da zai dogara da shi? Tsukewa biyu ce ta haɗu a hoto ɗaya, ta kyamara da ta magini, kuma ba abin da zai gaya masa inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara.

Za a ce mini ai ba dole a bar wa manhaja zaɓi ba, mutum na iya jan layin da hannunsa. Gaskiya ne. In ka san kusurwar da ka ɗaga kyamara, lissafi zai ba ka siffa iri ɗaya da ta gilashin, ban musanta ba. Amma wa yake rubuta kusurwa lokacin ɗaukar hoto? Wani ya ba ni shawara in riƙa aunawa da falwayar lantarki da ke kusa. Na tambaye shi yaushe rabon da ya ga falwaya a tsaye a garuruwanmu. Ga kuma asara: saman hoto, inda abubuwa suka fi ƙanƙanta, shi ake ja fiye da ko'ina, sai ya dushe, sannan a yanke gefe da gefe, gidajen da ka bari da gangan su tafi.

Hujjarsu mai ƙarfi ɗaya ce, kuɗi. Sabon gilashin ya haura miliyan ɗaya na sefa, ga shi ba ya saita kansa, da hannu ake komai. Nawa ma na hannu na saya, bayan na daɗe ina tari. Ba zan ce wa yaro mai ɗaukar hoton biki ya sayar da babur ɗinsa ba. Amma rashin kuɗi bai kai mutum ga maɓalli dole ba. Ka ja da baya, ka sa gilashi mai faɗin gani, ka juya kyamara a tsaye, ka daidaita ta da lebur ba tare da ka ɗaga bakinta ba, daga baya ka yanke filin ƙasa da ya yi yawa. Abin da gilashi mai tsada ke yi ke nan, sai dai hotonka zai ragu. Ko da waya ana yin haka. Ɗaya rabin aikin gilashin, wato karkatawa, wadda ke sa zanen katanga ya fito tar daga kusa har nesa, wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne ginin ƙasa ba ya jiran kowa. A Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙarni na 19, mutane na kallo. In za a sake tayar da irinsa, ko a koya wa yara yadda yake, hotuna za a buɗe. Duk hoton da aka miƙar wa katanga zai koya wa magini na gobe abin da kakansa bai taɓa ginawa ba, kuma ba wanda zai gane, domin hoton ya yi kyau.

Kalandar dai an riga an raba ta. Har a Agadas na gan ta, rataye a shagon wani maƙerin azurfa, kusa da ƙofa, inda in ka ɗaga kai kana hango hasumiyar kanta. Na nuna masa. Ya dubi takarda, ya dubi waje, ya ce shi dama ya zaci masallacin wani gari ne.