Ƙa'idojin da ke kare mai cin riɗi sun manta da mai nomansa

Da kaka ta yi, buhunan riɗi da wake da zoɓo kan fito daga ƙauyukan gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, su tsallaka iyaka ta Maigatari ko Ɓaɓura a jihar Jigawa, su wuce kasuwar Dawanau ta Kano. Wanda aka tace aka sauya wa buhu sai ya nufi tashar jiragen ruwa ta Legas, ya ƙare a Japan ko Turkiyya ko Sin ko Meziko. A wannan doguwar hanya ƙa'idojin ƙasa da ƙasa iri biyu ne ke aiki, kuma bambancinsu ya isa ya dami duk mai ɗan'uwa a gona.

Na farko su ne masu kare mai saye, kuma suna da haƙora. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an same shi da ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wanda ake kira fiya-fiya a kasuwa, fiye da ƙima. Ba a yi lallashi ba. An gwada, an ga ya wuce iyaka, an rufe ƙofa.

Na biyu su ne waɗanda aka ce suna kare mutanen da kamfani ke cin guminsu. A 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shirin Global Compact, wanda a yau yake da ƙa'idoji 10 kan haƙƙin ɗan'adam, ƙwadago, muhalli da yaƙi da cin hanci. A 2010 aka fitar da ISO 26000, a 2011 kuma aka amince da ƙa'idojin Majalisar kan kasuwanci da haƙƙin ɗan'adam. Abin da suka ƙunsa yana da kyau matuƙa: alhakin kamfani bai tsaya a ƙofar ofishinsa ba, yana bin kayan da ya saya har inda aka samo su, kuma idan an cutar da wani a kan hanya, a nemo shi a gyara. A 2016 ƙungiyar OECD da hukumar abinci ta FAO sun fayyace yadda za a yi haka a harkar amfanin gona. Sai dai dukkansu na ganin dama ne. ISO 26000 ma shawara ce kawai, ba a ba da takardar shaida a kanta, don haka duk kamfanin da ya nuna irin wannan takarda ya kamata a tambaye shi inda ya samo ta.

Abin da ke faruwa ke nan: maganin da ke sa a mayar da kaya daga tashar jirgin ruwa a Turai, shi ne matashi a Bande ko Dogo-Dogo ke fesawa ba safar hannu, ba takunkumi, a ajiye ragowarsa a ɗakin da yara ke kwana. Ana auna abin da ya rage a jikin ƙwayar wake, ba a auna abin da ya shiga jikin wanda ya fesa. Idan kuma an ƙi kaya, asarar kan gangaro ta hannun dillalai har ta sauka kan manomi a farashin kaka mai zuwa.

Magarya ba baƙuwar kasuwar duniya ba ce. A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba a abin da Nijar ke fitarwa waje, ana sayenta ta hannun kamfanin SONARA, har aka kafa masana'antar matsar mai ta SEPANI a garin. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka durƙusar da harkar, masu saye suka juya wani wuri. Yankin da ya daɗe yana ciyar da kasuwanni shi ne wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar yara masu tamowa a cikinsa tun 2005, kuma a daminar 2018 ta ce ana rasa yara kusan 10 a kullum a asibitin Magarya. A irin wannan wuri, kamfanin da ke son a ce yana sauke nauyin al'umma ba da rabon buhunan shinkafa a watan azumi zai fara ba, ana ɗaukar hoto ana sakawa a Facebook. Zai fara da ma'aunin da ba a tauye ba, da biyan kuɗi a kan lokaci, da sanin ƙauyen da kayansa suka fito.

Masu fitar da kaya za su ce dillalai sun yi yawa, ba a iya bin sawun kowane buhu. Da gaskiyarsu, amma duk lokacin da mai saye a Japan ya buƙaci a tabbatar masa da tsabtar riɗi, ana samun hanya. Hukumomin Yamai da na Damagaram ma suna da nasu kason. Kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, a ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, yana da jerin waɗanda aka halatta, kuma ba sai an jira Turai kafin a duba abin da ake shimfiɗawa a kasuwannin mako ba.

Akwai kuma ƙofar da 'yan yankin mazauna waje ba su cika ƙwanƙwasawa ba. Kowace ƙasar da ta rungumi ƙa'idojin OECD tana da ofishin karɓar koke kan kamfanoninta, ko da a wata ƙasa aka yi ɓarnar. Japan, Turkiyya, Meziko da Faransa duk suna ciki. Sin ba ta ciki. Ofishin ba kotu ba ne, sulhu yake nema, amma yana wallafa sakamako da sunan kamfani. Faransa kuma tun 2017 tana da dokar da ke tilasta wa manyan kamfanoninta sa ido kan masu kawo musu kaya. Abin da koke ke buƙata shi ne shaida: sunan magani, ranar ciniki, nauyin buhu, da hanyar da ya bi daga Dungas zuwa Dawanau. Wayar da ke hannun ɗan manomi ta isa ta tattara wannan.