Abin Da Mutanen Gimi Suka Koya Mana

Kwanakin baya muka je gaisuwar mutuwa a Tudun Jukun, gidan wani malamin makaranta, Kirista, wanda mu muka koya masa aikin malanta. Ɗansa na fari ne ya rasu bayan doguwar jinya, ga bashin magani ya yi masa katutu. Muna zaune sai wani daga cikin masu gaisuwa ya ce masa, wai da bangaskiyarsa ta yi ƙarfi da yaron bai mutu ba. Malamin ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Wannan magana ita ta sa muka ɗauki alƙalami, gama ta fara yawa a bakin mutanenmu, tana kuwa ƙara wa mai gyambo gishiri.

Mu da mu ke karanta Littafi Mai Tsarki ya kamata mu san ba haka ya koyar ba. Ayuba, wanda 'yan'uwanmu Musulmi ma sun san haƙurinsa, ya rasa 'ya'yansa goma, da dukiyarsa, da lafiyarsa. Abokansa uku suka dage lalle akwai wani zunubi da ya ɓoye. A ƙarshe a kansu fushin Allah ya sauka, har sai da Ayuba ya roƙa musu gafara. Manzo Bulus kuma sau uku ya roƙi a kawar masa da wani abin da ke addabarsa. Ba a kawar ba, sai aka ba shi ƙarfin ɗauka, ya ci gaba da wa'azinsa. Wa zai ce Bulus ya kasa bangaskiya?

Amma ba sai mun je nesa ba, akwai misali a nan ƙasar Zazzau. Cikin 1913 waɗansu daga cikin Isawa, watau mabiyan Malam Ibrahim na Kano masu girmama Annabi Isa, suka zo wurin Likita Mila na Mishan ɗin C.M.S., wanda ke zaune a birnin Zariya tun 1905. Suka karɓi addinin Kirista, suka taru suka kafa ƙauyensu a Gimi, suka gina wurin sujada da makaranta, suka dukufa ga noma. Ba a yi shekaru da yawa ba sai sammore, watau ciwon barci, ya faɗa musu. Ya kashe mutane da yawa, har ƙauyen ya watse.

To, da ma'aunin mai gaisuwar nan za a auna su, da sai a ce alhakinsu ne ya kama su. Yanzu kuwa kowa ya san ƙudan tsando na kurmin rafi shi ke kawo cutar, ba ya tambayar addinin wanda ya ciza. Ita ce ta addabi ƙasar Anchau, har Gwamnati ta sa aka sare kurmi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Abin lura shi ne abin da sauran mutanen Gimi suka yi bayan sun binne nasu. Ba su bar addu'a ba, ba su kuma naɗe hannu ba. Aka kai yaran makarantar Mishan a Zariya. Da Mishan ta ƙaura zuwa Wusasa cikin 1929 aka gina coci da makaranta da asibiti, cikin 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Daga jama'ar nan ta Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, da Dokta Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Jama'ar da cuta ta tarwatsa ita ce ta haifi masu magani.

Wani zai ce, ashe kun musanta ikon Allah na warkarwa ke nan? A'a, muna roƙonsa dare da rana, mun kuwa gaskata yana ji. Abin da muka ƙi shi ne a mai da addu'a ciniki, a ce wanda bai samu ba kuɗinsa ne bai cika ba. Irin wannan koyarwa ita ke sa mutum ya kai albashinsa ga mai sayar da man tsarki, ya bar takardar likita a aljihu, in abin ya ƙi kuma ya juya wa Allah baya ɗungum.

Saboda haka, ya ku akawuna da malamai, in wahala ta sami ɗayanku, ya kai kukansa ga Allah ba kunya, gama Ayuba ma ya yi kuka. Sa'an nan ya kai mara lafiyarsa asibiti, ya gaya wa 'yan'uwa halin da ya ke ciki, ya koma bakin aikinsa, don yara na jiransa a aji. Mu kuma da ke zuwa gaisuwa, in ba mu da kalma mai sanyi, mu aje abin da ke hannunmu, mu zauna shiru. Allah ya ba malamin nan haƙuri, ya ba mu hankalin iya bakinmu, amin.