Goyon Baya ko Fadanci? Matsayin Mai Son Ƙwallo Idan Gwamnati Ta Sayi Ƙungiyarsa

Ranar 13 ga Maris, 2022, ƙungiyoyin Chelsea da Newcastle United suka kara a filin Stamford Bridge da ke Landan. Kwana uku kafin wasan gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa mai Chelsea, Roman Abramovich, takunkumi saboda alaƙar da ta ce yana da ita da fadar Kremlin bayan mamayar Yukren. Ana jajiberin wasan kuma hukumomin Saudiyya suka sanar da zartar da hukuncin kisa a kan mutum 81 a rana guda, alhali asusun zuba jari na gwamnatin ƙasar ne ke riƙe da kaso mafi tsoka na Newcastle. Da 'yan jarida suka tambayi mai horar da Newcastle, Eddie Howe, game da kisan, sai ya ce shi a kan ƙwallo kaɗai zai yi magana. Wannan amsa ta ɗan ƙwadago ce mai tsoron abin da zai taɓa abincinsa, kuma ana iya yi mata uzuri. Mai goyon baya kuwa ba a biyansa albashi, shi ne ma yake biya, don haka tambayar da aka yi wa Howe ta fi dacewa da shi: me ya kamata ya yi idan ƙungiyar da ya gada daga ubansa ta koma hannun gwamnatin da ake tuhuma da zalunci?

Tambayar ta daɗe tana jiran amsa. A watan Satumban 2008 wani kamfani na Sheikh Mansour bin Zayed Al Nahyan, ɗan gidan sarautar Abu Dhabi, wanda a yau mataimakin shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, ya sayi Manchester City. A 2011 kamfanin Qatar Sports Investments ya karɓi Paris Saint-Germain, kuma a 2017 ƙungiyar ta biya Yuro miliyan 222 don ɗauko Neymar daga Barcelona. Ranar 7 ga Oktoba, 2021, asusun zuba jari na Saudiyya, wanda aka fi sani da PIF, ya jagoranci sayen Newcastle a kan kimanin fam miliyan 300, ya riƙe kashi 80 cikin 100. Dukkan ƙungiyoyin uku sun ga amfanin kuɗin. City ta ci kofin Zakarun Turai a 2023, PSG ta ci a 2025, Newcastle kuma ta doke Liverpool da ci 2 da 1 a Wembley a watan Maris na 2025, ta ɗauki babban kofin cikin gida na farko tun 1955.

Matakin farko da ya hau kan mai goyon baya shi ne ya kira abu da sunansa. Lokacin da aka amince da cinikin Newcastle, hukumar gasar Firimiya ta ce ta samu tabbaci na shari'a cewa gwamnatin Saudiyya ba za ta riƙa juya ƙungiyar ba. Sai dai shugaban PIF shi ne Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman, kuma gwamnan asusun, Yasir Al-Rumayyan, shi ne shugaban Newcastle. A 2023, a wata shari'a da ta shafi gasar golf a Amurka, lauyoyi suka gabatar da PIF a matsayin wani sashe na daular Saudiyya, suka kuma bayyana Al-Rumayyan a matsayin mai muƙamin minista, domin su nema musu kariya daga binciken kotu. Ba zai yiwu abu ɗaya ya zama gwamnati a gaban alƙalin Amurka, ya zama ɗan kasuwa zalla a gaban hukumar ƙwallon Ingila ba. Alamun ma ba su ɓuya ba: a kakar 2022 zuwa 2023 ƙungiyar ta fito da riga fara mai ratsin kore irin ta tawagar Saudiyya, kuma a Satumban 2023 tawagar ta buga wasannin sada zumunci a filin St James' Park. A cikin wannan watan ne Yariman ya shaida wa tashar Fox News cewa idan wanke suna da wasanni zai ƙara wa tattalin arzikin ƙasarsa kashi ɗaya cikin ɗari, to zai ci gaba da yi. Wanda mai abu ya faɗa masa manufarsa da bakinsa ba shi da hujjar cewa bai sani ba.

Abubuwan da ake tuhumar waɗannan gwamnatoci da su ba ƙanana ba ne. An kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoba, 2018, kuma rahoton hukumomin leƙen asirin Amurka da aka fitar a Fabrairun 2021 ya ce Yariman ne ya amince da aikin, zargin da Riyadh ta musanta. A 2022 wata kotu ta yanke wa Salma al-Shehab, ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Leeds, ɗaurin shekara 34 saboda rubuce-rubucenta a Twitter, kafin daga baya a rage hukuncin. Ana zargin Daular Larabawa da taimaka wa dakarun RSF a yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ita kuma tana musantawa. Ƙarar da Sudan ta shigar a Kotun Duniya an kore ta a Mayun 2025 bisa rashin hurumi, ba tare da an shiga gundarin zargin ba. Qatar ta sha suka a kan halin da 'yan ci-rani suka yi aiki a cikinsa gabanin gasar cin Kofin Duniya ta 2022.

Duk da haka, masu cewa mai goyon baya ya tattara ya bar ƙungiyarsa sun ɗora kaya a kan wanda ba shi ya ƙulla ba. Babu wanda ya shawarci mutanen Newcastle kafin a sayar da ƙungiyarsu ga Mike Ashley a 2007, kuma babu wanda ya ba su ƙuri'ar amincewa ko ƙi a 2021. Shekara 14 suka yi a hannun Ashley, ƙungiyar ta faɗi daga Firimiya sau biyu, a 2009 da 2016, har aka taɓa sauya wa filinsu suna zuwa na kantinsa. Shi ya sa da ƙungiyar amintattun magoya bayan Newcastle ta ji ra'ayin mambobinta, fiye da kashi 90 cikin 100 suka goyi bayan cinikin. Murnar da aka yi a ƙofar filin ranar sanarwa, rabinta murnar rabuwa da tsohon mai gida ce. Ƙungiyar ta wanzu tun 1892, ta girmi masarautar Saudiyya ta yanzu da shekara 40. Cewa ma'aikacin da kakansa ya tsaya a wannan fili ya bar gadonsa saboda laifin wanda ya zo jiya, hukunta wanda aka yi wa kutse ne a ƙyale mai kutsen.

Akwai kuma hujjar munafunci, wadda ta fi kowace karɓuwa a wajen masu kallo na Afirka da na ƙasashen Larabawa. Birtaniya ta daɗe tana sayar wa Saudiyya jiragen yaƙi da makamai, har a lokacin yaƙin Yaman da ƙawancen Saudiyya ya shiga a 2015. Abramovich ya yi shekara 19 yana riƙe da Chelsea ba tare da hukuma ta ga aibunsa ba, sai da siyasar Turai ta juya. Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Wannan magana gaskiya ce, amma iyakarta ta nuna cewa masu laifi suna da yawa. Ba ta mayar da kowa mai gaskiya ba. Wanda ya yi amfani da ita don neman a auna kowa da mudu ɗaya, ya yi daidai. Wanda ya yi amfani da ita don a rufe bakin matar da Khashoggi zai aura, Hatice Cengiz, wadda ta roƙi hukumar Firimiya ta hana cinikin, ya mayar da gaskiya makamin zalunci.

A nan ne al'adar Hausa take da ma'aunin da ya dace da lamarin, wato bambanci tsakanin masoyi da bafade. Masoyi yana iya faɗa wa wanda yake so gaskiya, bafade kuwa abincinsa yana cikin kare mai gida ko da ya yi kuskure, shi ya sa aka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Abin da gwamnati take saye idan ta sayi ƙungiya ya wuce 'yan wasa da fili. Tana sayen dubban bakuna da za su kare ta kyauta a kafofin sada zumunta, su far wa ɗan jaridar da ya yi tambaya, su ɗaga tutarta a filin abokan hamayya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma mai goyon baya bai karɓi lada ba. Shi ya sayi tikiti, shi ya sayi riga, shi ya biya kuɗin tashar da ke nuna wasan. Saboda haka babu askin da ya zama masa dole. Yana da damar ya yi tsalle idan an ci ƙwallo, ya kuma ce ɗaurin Salma al-Shehab zalunci ne, duka a yini ɗaya, ba tare da ɗayan ya karya ɗayan ba. Akwai ƙaramar ƙungiya ta magoya bayan Newcastle da ta zaɓi wannan hanya, tana tsayawa a wajen filin da hotunan fursunonin Saudiyya. Ba su da yawa, amma sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Sai dai tsarkin zuciyar mutum ɗaya ba ya sauya doka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihin baya-bayan nan ya nuna cewa magoya baya suna yin tasiri ne idan sun haɗu a cikin tsari. A Afrilun 2021 zanga-zangarsu ta rusa shirin gasar Super League cikin 'yan kwanaki, kuma wannan ne ya gaggauta binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta, wanda ya kai ga dokar 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan ƙwallon Ingila. Dokar ba ta haramta wa gwamnatoci mallakar ƙungiya ba, kuma nan ne ya kamata matsin lamba ya koma. A Jamus, ƙa'idar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi. Da ita ne mambobin Bayern Munich suka tayar da ƙura a babban taronsu na Nuwamban 2021 a kan tallan Qatar Airways, kuma a 2023 yarjejeniyar ta ƙare ba a sabunta ta ba. Wanda kuma zuciyarsa ta kasa ɗauka yana da misali a FC United of Manchester, wadda magoya bayan da suka ƙi iyalan Glazer suka kafa a 2005. Ficewa zaɓi ne mai daraja, amma ba farilla ba ce, kuma wanda ya fice ba shi da ikon kiran wanda ya zauna maci amana matuƙar na zaunen bai koma bafade ba.

Lamarin ya shafi mai kallo a Kano da Zinder da Kumasi ta fuska biyu. Ta farko, gidajen kallon ƙwallo da ke cika a ranakun Asabar da Lahadi suna cikin kasuwar da ake nema; darajar Firimiya a idon mai saye tana cikin yawan idanun da ke kallonta a duniya. Mai kallon da ke nan ma ya fi na Ingila 'yanci, domin shi ya zaɓi ƙungiyarsa, ba gadonta ya yi ba. Yana kuma buƙatar ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: girman Makka da Madina a zuciyar Musulmi daban, ayyukan gwamnatin da ke mulki a Riyadh daban, kuma yawancin waɗanda ake ɗaurewa ko ake kashewa a can Musulmi ne. Ta biyu, mallakar gwamnati ba baƙon abu ba ne a ƙwallon Najeriya. Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da Enyimba duk na gwamnatocin jihohi ne, kuma ƙaddararsu tana hawa da sauka da ra'ayin wanda ke gidan gwamnati. Girman kuɗin da girman tuhumar sun bambanta da na Turai nesa ba kusa ba, amma tarkon ɗaya ne: a mayar da son ƙungiya ya zama son mai mulki, a mayar da kofi ya zama amsar tambayar da ba ta shafi ƙwallo ba. Nasarar da Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta, ta samu a gasar 2025 ta nuna cewa akwai wata hanyar.

Abin da ake nema daga mai goyon baya bai fi ƙarfinsa ba. Ya san wanda ya mallaki ƙungiyarsa da abin da ake tuhumarsa da shi. Kada ya ari bakin mai gida ya ci masa albasa. Ya auna mai ƙungiyarsa da mudun da yake auna na abokan hamayya. Ya shiga ƙungiyoyin magoya baya da ke neman a ba su ƙuri'a, a kuma sa haƙƙin ɗan Adam cikin sharuɗɗan tantance masu saye, kamar yadda Amnesty International ta nema tun lokacin cinikin Newcastle. A Disamban 2024 hukumar FIFA ta ba Saudiyya karɓar baƙuncin gasar Kofin Duniya ta 2034, wanda ke nufin tambayar da Eddie Howe ya kauce mata za ta ci gaba da dawowa har tsawon shekaru masu zuwa. Abramovich ya tafi a 2022 Chelsea tana nan, Ashley ya tafi Newcastle tana nan. Masu kuɗi baƙi ne a ƙungiya, 'yan gida su ne waɗanda ke cika fili, kuma ɗan gida ne ke da hurumin faɗa wa baƙo abin da gidan ba zai lamunta ba.