Sai Zaɓe Ya Ƙarato Muke Tuna Hanyar BUK

Yau ba 'yan adawa zan taɓa ba, da mu nake.

Duk wanda ya yi aikin matasa a jam'iyya a Kano ya san abin da zan faɗa. Idan babban taro ya taso, ana neman a cika fili, sai ka ji an ce a kira yaranmu na BUK. A aika motoci Kabuga, a raba riguna da huluna, a ba kowa na mota. Taro ya watse, shi ke nan kuma, babu mai sake waiwayar hanyar Gwarzo sai wani zaɓen. Ni dai a ganina wannan asara ce, kuma mu muke tafka ta, ba jami'ar ba.

Da yawanmu muna wucewa ta gaban makarantar nan kullum ba mu san yadda aka yi ta kai haka ba. A 1960 aka fara ta, ƙaramar kwaleji mai suna Ahmadu Bello College, a cikin Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a cikin birni. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa ta Kano suna zuwa Abdullahi Bayero College, don tunawa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, ta zama reshen Zariya. A 1964 ta ɗauki ɗaliban digiri na farko. Su nawa ne? Goma. Mutum goma kacal, kuma ba ta da ko mazaunin kanta, a tsohon otal ɗin filin jirgin sama aka zaunar da su. Suka kammala a 1966 da digirin ABU. Daga baya ta koma wurin da muke kira Tsohuwar Jami'a yanzu, wajen Kabuga da Dukawuya. A 1975 aka ɗaga darajarta, a 1977 ta tsaya da ƙafarta da sunan Jami'ar Bayero, Dokta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko.

Ku lissafa da kanku, shekara 17 daga aji a SAS zuwa cikakkiyar jami'a. A tsakanin nan an yi juyin mulki ba sau ɗaya ba, an kashe Sardauna, an yi yaƙin basasa, an raba Jihar Arewa. Waɗanda suka shuka ta da yawansu ba su sha inuwarta ba. Mu kuwa yanzu idan aiki ba zai ƙare kafin zaɓe a yanka ƙyalle a ɗauki hoto ba, ba ma ko sa shi a lissafi.

Ni ban yi BUK ba, difloma ce da ni, kuma ba na jin kunyar ta. Amma na san abin da ke cikin gidan nan. Ƙamusun Hausa da aka fitar a 2006, wanda malaman makaranta da 'yan jarida ke dubawa idan gardama ta kaure a kan kalma, aikin cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta BUK ne. Likitocin da ke duba iyayenmu, da yawansu a Asibitin Malam Aminu Kano suka koyi aiki ƙarƙashin jami'ar. A Sabuwar Jami'a akwai cibiya sukutum ta binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda har Bankin Duniya ya tallafa wa, ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka. Gero, dawa, wake, gyaɗa, ƙasar da ta gaji, damina mai gardama, su ne abin da suke kwana suna tashi a kai.

To a nan tambayata take. Ɗan takararmu zai hau mumbari ya yi alkawarin bunƙasa noma. Wa ya rubuta masa manufar? Galibi wani ne a cikinmu ya zauna dare ɗaya da waya, ya kwaso daga nan ya kwaso daga can. Alhali tafiyar minti talatin ce zuwa wurin mutanen da suka shekara ashirin suna nazarin ƙasar Ɗanbatta da ruwan Kadawa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sai Mambayya. Kusan kowace jam'iyya a Kano tana cewa ita ce magajiyar Malam Aminu Kano, mu ma muna faɗa. Gidan nasa da ke Gwammaja yanzu a hannun BUK yake, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce, akwai ɗakin karatu, akwai kayan tarihin NEPU da PRP. Mu nawa ne muka taɓa shiga don karatu? Mun san zauren taron dai, saboda ana kama haya a yi taron siyasa. Hular Malam muka gada, takardunsa muka bari.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce malaman jami'a 'yan suka ne, ba sa yabon kowa, ba sa kawo akwati. Gaskiya ne ba sa yabo. Farfesa Attahiru Jega ya jagoranci ASUU a zamanin soja har aka haramta ƙungiyar, ya zo ya shugabanci BUK daga 2005 zuwa 2010, daga nan aka ba shi INEC. Kowa ya ga yadda ya zauna daram a 2015 lokacin da aka so a hargitsa zauren tattara sakamako. Irin wannan taurin kai da ke ba mu haushi idan muna kan mulki, shi ne yake cetonmu ranar da muke adawa. Mai gaya maka gaskiya tun kafin ka sa hannu a takarda ya fi maroƙa ɗari amfani.

Wasu kuma za su ce ai BUK ta tarayya ce, jiha na da nata jami'o'in, a bar Abuja ta ji da kayanta. Albashi na Abuja ne, na yarda. Amma yaran na wa ne? Yaron Gwale ne, yarinyar Bichi ce, ɗan Rano ne. A 2022 sun zauna a gida wata takwas saboda yajin aiki, bayan wanda aka yi a 2020. Sun dawo, a 2023 kuɗin rajista ya tashi a jami'o'in tarayya, a shekarar kuma aka cire tallafin mai. Wanda bai samu ɗakin kwana a makaranta ba sai haya a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki, wanda ke zuwa daga gida kuma kuɗin A Daidaita Sahu kaɗai ya ishe shi. Kowane shugaban matasa a mazaɓa ya san aƙalla yaro ɗaya da ya kai aji uku ya ajiye karatu saboda rajista. Lamunin karatu na gwamnatin tarayya ya rage wani abu, amma akwai waɗanda ko yadda ake cike shi ba su sani ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Kowace mazaɓa ta rubuta sunayen ɗalibanta da ke BUK da sauran manyan makarantu, a san wanda ya biya da wanda ya maƙale, ba tare da an tambayi katin jam'iyyar ubansa ba. A kai wa kansila, a kai wa ɗan majalisa, a zauna a ƙofarsa kamar yadda muke zama idan muna neman kujerar Makka ko babur. Kuɗin da ake kashewa a riguna da fastoci na taro ɗaya zai biya wa yara da dama rajistar shekara. Masu kwamfuta a cikinmu su ware rana su taya yara cike neman lamuni kyauta.

Sannan kafin a rubuta manufofin takara mai zuwa, kwamitinmu ya nemi zama da malaman da suka san noma, lafiya, ruwa da ilimi. Mu je da littafi da biro, mu bar masu kiɗa a gida. Zan gabatar da wannan a zaman shugabannin matasa na gaba, kuma mazaɓar da ta riga ta haɗa sunayen nata ɗaliban ta zo da takardar a hannu.