Kafin Ku Tura Kuɗin Janareta Abijan, Ku Sa a Duba Ƙaramin Rubutu



Da wuya a sami gida a zangunanmu na bakin iyaka da ba shi da ɗa ko ƙane a Abijan, kuma da yawansu wankin mota ne abincinsu. Wasu suna kewayen tashar Adjamé, inda gbaka da woro-woro ke shigowa buɗu-buɗu da ƙura tun asuba. Wasu suna lungunan Treichville, suna wanke taksi da motocin ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Sana'ar ta wuce zamanin bokiti da tsumma. Mai mota yanzu so yake a fesa masa ruwa da Kärcher, a zuƙe ƙurar kujeru da inji, a goge fenti har ya ga fuskarsa a ciki. Duk waɗannan da wuta suke aiki. Ranar da aka ɗauke ta babu na cefane, balle abin aikowa gida. Shi ya sa yaran ke bugo muku waya a taimaka da kuɗin janareta, wanda a can suke ce wa gurup.

Kuɗin nan na adashi ne, ko na kashu da doyar da kuka sayar. Bai kamata su tafi a banza ba. Don haka ga abin da za ku faɗa wa yaro kafin ya shiga kasuwa.

Na farko, ya yi lissafin kayan aikinsa. Kowane inji yana da ɗan allo a jikinsa da aka rubuta yawan wutar da yake ci. Injin fesa ruwa irin na gida yana cin wat 1,400 zuwa 2,100, na sana'a kuwa yana kai 3,000. Mai zuƙar ƙura yana cin 1,200 zuwa 1,400, mai goge fenti kusan 1,200. In za a kunna mai fesawa na 2,100 tare da mai zuƙar ƙura na 1,400, an kai 3,500 ke nan. Ba a nan lissafin ya tsaya ba. A lokacin da injin fesa ruwa zai tashi, yana fizgar ninki biyu ko uku na abin da aka rubuta masa, kuma yawancinsu suna tsayawa da an saki bindigar, su sake tashi da an matsa ta. Fizgar nan sau ɗaruruwa take faruwa a yini. Janaretan da ba shi da rarar ƙarfi zai yi ta tari yana mutuwa, har ya ƙone ko ya ƙona injin.

Na biyu, kuma shi ne babba: ƙarfi biyu ake rubuta wa janareta. Akwai lambar da ake bugawa da manyan haruffa a kwali, ita ce iyakar abin da zai iya ɗauka na ɗan lokaci kaɗan. Akwai kuma ƙaramar lamba a allon jikinsa, ita ce abin da zai riƙe daga safe zuwa yamma. Mai shago babbar zai nuna, yaro kuwa ƙaramar zai duba. In an rubuta kVA, ya cire kashi ɗaya cikin biyar: 5 kVA wat 4,000 ne. Ga mai injuna biyu, kada a sauka ƙasa da nan, in da hali ma a haura zuwa 6, kuma a fara kunna mai fesawa kafin sauran. Ƙaramin nan da ake gauraya wa mai da esansi, mai lamba 950 a jiki, bai fi wat 650 yake riƙewa ba. Na fitila ne da fanka da cajin waya, ba na wankin mota ba. Araha ba ta ado.

Na uku, wutar ƙasar nan bolt 220 ce, mai 50 Hz. Janaretan hannu da aka kwaso daga Amurka na tsarin bolt 120 da 60 Hz ne, ba zai zauna lafiya da kayanmu ba kome kyansa. A nemi mai AVR, wato abin da ke daidaita wuta kada ta yi sama da ƙasa. A tambaya ko wayar cikinsa ta jan ƙarfe ce, don ta alminiyom ba ta jure zafi kamarta. Kada a biya sai an gwada: yaro ya ɗauki injin fesawarsa zuwa shagon, a jona, a matsa bindiga sau goma a gaban mai kaya. Gani ya kori ji. Ya karɓi rasit, ya kuma tabbatar ana samun kayan gyaran irinsa a Adjamé.

Na huɗu, rai. Ruwa da wuta ba sa shiri, ga shi yaran a jiƙe suke yini. A ɗora janareta kan busasshen wuri mai tudu, nesa da feshi, a sa waya mai kauri 2.5, a sa makatsin nan na 30 mA da ke yanke wuta da zarar ta fara bin jikin mutum. Kada a taɓa kunna shi cikin shago ko ɗakin kwana, don hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, kuma tana kashewa cikin barci. A juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Janareta mai wannan girma ya fi buhun siminti nauyi, saboda haka a sayi mai taya. Wanda kuma feshi kaɗai yake yi, akwai injin fesa ruwa mai shan esansi da kansa, ba ya buƙatar janareta sam.

To, yanzu mu zo ga abin da mai shago ba zai lissafa muku ba. Janareta mai 5 kVA yana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa. A watan Oktoba na 2023 an kai litar esansi sefa 875. A wannan farashi, awa shida na aiki lita tara ce a ƙalla, wato sefa 7,875. In ana wanke taksi a jika guda, sai yaro ya wanke mota takwas kafin ya fid da kuɗin mai kawai, ba a zo maganar sabulu da ruwa da hayar fili ba. Ku saka farashin yau ku sake bugawa, amsar ba za ta yi nisa ba. Janareta tayar safiya ce, ta ranar da aka sami faci. Wanda ya mai da ita tayar kullum, gidan mai yake yi wa bauta.

Me ya sa ɗan ƙasar da ke sayar wa Mali da Burkina Faso wuta zai riƙa ajiye tayar safiya? Ba mu musun an yi gine-gine. An buɗe madatsar Soubré mai megawat 275 a 2017, ga Azito a Yopougon, ga CIPREL a Vridi. Waɗannan su ne manyan haruffan kwali, kuma su ake karanta muku a kowane taro. Ƙaramin rubutun kuwa ga shi. A watan Yuli na 2016 mutane sun fito kan titi a Buwake da Daloa da Yamusukuro saboda tsadar takardar wuta. A 2021 an yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa, bayan lalacewar inji a Azito da ƙarancin ruwa a madatsu. A 2023 an ƙara kuɗin wuta ga wani rukuni na masu mita, sannan daga 1 ga Janairu na 2024 aka ƙara wa kowa kashi 10 cikin ɗari. A shekarar ce kuma aka yi rusau a Gesco da Adjamé Village. Kun ga dalilin da ya sa muka ce a sayi mai taya: mai ƙaramar sana'a a Abijan bai san ranar da za a ce ya tashi ba.

Mu 'yan adawa abu uku muke nema a kan wannan. A yi wa masu ƙananan sana'o'i farashin wuta daidai ƙarfinsu. In za a ɗauke wuta don gyara, a sanar da rana da awa ta hanyar da talaka zai ji, don ya tsara aikinsa. Kafin a tashi mai sana'a daga wurinsa, a nuna masa inda zai koma, mai ruwa da mita.

Yadda ba ku yarda yaro ya biya kuɗin janareta ba sai an jona an gwada, haka kada ku ba da ƙuri'a don girman hoto da yawan alkawari. Waɗanda ke kan mulki tun 2011 kun gwada su, takardun wutarku suna nan a akwati. Mu ma in mun zo muku, ku tambaye mu lissafi dalla-dalla, kada ku raga mana.

Ku adana katin zaɓenku, ku bugo wa na Adjamé da Treichville waya su nemi nasu. Ranar zaɓe a fito da wuri, a jefa ƙuri'a cikin lumana, a tsaya har a ƙirga. Allah ya yi wa sana'ar 'ya'yanmu albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.