Kalmomin Kotu: Habeas Corpus

A wannan wata za mu duba wata magana ta harshen Latin da lauyoyi ke sakawa cikin Turancinsu, watau habeas corpus. Suna faɗinta "hebiyas kopas". Ma'anarta ita ce, "ka zo da mutumin da jikinsa." Umarni ne da alƙalin Babbar Kotu yake ba wanda ya tsare wani, cewa ya kawo shi gaban shari'a, ya faɗi dalilin tsarewar. In ba dalili bisa doka, sai a sake shi nan take. A lura, umarnin bai ce mutum ba shi da laifi ba. Abin da ya hana shi ne a ɓoye shi. Majalisar Ingila ta ƙarfafa wannan doka a 1679, mu kuma muka gaje ta daga Turawa.

Kada a ce wannan zancen manyan birane ne. Mutanen Kajiji sun san Alhaji Shehu Shagari, ɗan ƙasarsu ne. Da soja suka hamɓarar da shi ran 31 ga Disamba 1983, ya zauna a tsare har 1986. A zamanin nan ne aka yi Doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum, kotu kuwa ba ta da bakin tambaya. To, in shugaban ƙasa ya ga haka, ina ga manomi? Sai a 1999 aka soke ta.

Yanzu sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a tazarar kilomita 40. In babu, kwana biyu, ko abin da alƙali ya ga ya dace. Amma sau da yawa sai iyali su kama sayar da akuya da gero don a "ga" wani. Mu dai ba mu ga amfanin haka ba.

Ba lalle ne wanda ke tsare ya kai kuka da kansa ba, ai ƙafarsa a ɗaure take. Matarsa ko wansa na iya zuwa wurin lauya. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin gwamnati mai ba da lauya kyauta a Sakkwato. A tafi da cikakken sunansa, da ranar da aka kama shi, da wurin da aka ajiye shi.